Ruwan Da Zoila Ta Zuba Wa Isote

Akwai wata mata a nan garinmu Izalco, sunanta Zoila Menjívar. Jinya ce sana'arta, amma ba ta asibiti ba, ta gida. Idan tsoho ya kwanta, 'ya'yansa kuwa duk suna Amurka, ita ake kira. Ta yi masa wanka, ta ba shi magani a kan lokaci, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Hannunta da laushi, bakinta da daɗi, ba a taɓa jin wanda ya kawo ƙararta ba.

Gida ɗaya ne tak a garin da Zoila ba ta bi ta ƙofarsa: gidan Doña Herminia Castaneda, mai jan rufi, a bayan coci. Idan hanya ta biyo da ita nan, sai ta tsallaka ɗaya gefen titi.

Dalilin tsohon zance ne.

Mahaifiyar Zoila, Niña Tránsito (Niña kiran girmamawa ne a wajenmu), a gidan ta yi aikatau tun tana budurwa. Ita ta raini 'ya'yan gidan biyu, Griselda da ƙanenta Rutilio. Ita ke wanki, ita ke guga, ita ke tashi in zazzaɓi ya kama yaro.

Wata rana zoben Doña Herminia ya ɓata. Ba ta kira Tránsito ɗaki ta tambaye ta ba. Sai da ta bari ranar Lahadi an fito daga coci, jama'a sun cika matakala, sannan ta sha gabanta, ta fizge jakarta ta zazzage a ƙasa. Abin da ya zubo: tsumman share hanci, carbi, da guntun burodi da ta adana wa 'yarta.

"Ku ga wadda nake ciyarwa," in ji Doña Herminia. "Yau burodi, jiya zobe."

Zoila tana nan, ƙaramar yarinya, riƙe da gefen siket ɗin uwarta. Ta ga uwarta ta durƙusa tana tsince kayanta a tsakanin ƙafafun mutane, ba wanda ya sunkuya ya taya ta.

Daga baya an tsinci zoben a bayan kabad. Mai dafa abincin gidan ce ta fesa a kasuwa. Amma Doña Herminia ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yi kuskure ba, kuma sunan ɓarauniya ya riga ya manne. An kore ta, kuma babu gidan da ya sake ɗaukar Tránsito aiki. Ta koma bakin titi tana gasa pupusa, wainar masarar garinmu, a kasko, hayaƙin itace ya yi ta cin idanunta har ganinta ya dushe. Zoila ta bar makaranta da wuri don ta taya ta.

Niña Tránsito ta daina zancen. Zoila kuwa ta girma da shi kamar yadda ake girma da tabon wuta.

Shekaru suka ja. Wata safiya wayar Zoila ta yi ƙara. Griselda ce daga Amurka.

"Zoila? Kowa na tambaya ke yake ambata mini. Mama ce ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ya tafi, baki ya tafi. Ni kuma takarduna ba su bari in zo in zauna ba."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Zoila.

"Ke ba 'yar Tránsito ba ce? Ai ke 'yar gida ce, ba baƙuwa ba. Hankalina zai fi kwanciya."

'Yar gida. Zoila ta ji kalmar ta sauka mata a ƙirji kamar garwashi. Wato su can har sun manta. Abin da ya rusa rayuwar uwarta, a wajensu bai kai a tuna ba.

"Zan zo," ta ce.

Da ta gaya wa uwarta, tsohuwar ta ci gaba da murza ƙullin masara a tafinta, ba ta ɗago ba.

"Me za ki je nema a can?"

"Aiki mana, Mama."

"In aiki ne, Allah ya ba da sa'a. In wani abu ne, ba ni na aike ki ba."

Zoila ta sami Doña Herminia a baranda, cikin keken guragu. Matar da a dā takunta kaɗai ke sa 'yan aiki su miƙe, yanzu baki ya karkace, yawu na bin haɓa, hannun dama kwance a cinya kamar ba nata ba. Idanun ne kawai ba su canza ba.

Zoila ta ja kujera, ta zauna daf da ita, ta goge mata haɓa a hankali.

"Kin gane ni, Doña? 'Yar ɓarauniya ce. Sai a ɓoye cokula."

Idanun tsohuwar suka buɗe, suka tsaya a kanta. Ta gane.

Zoila ba ta da niyyar duka, ba ta da niyyar hana abinci. Wannan yakan bar alama, ita kuma tana da suna a gari. Ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta taje mata gashi, ta dama mata kunun masara mai laushi. Tana yi tana dubawa, kamar yadda likita ke danna ciki yana neman inda ke ciwo.

Ba ta daɗe ba ta samu.

A ƙarshen baranda, inda rana ke faɗowa tun safe, akwai wata babbar tukunyar ƙasa, a cikinta isote. Shukar da kowa ke yin shinge da ita, wadda ake tsinko farin furenta a soya da ƙwai. Wannan kuwa an girmama shi da tukunya. Jikinsa ya yi kauri kamar ƙafar giwa, ganyensa tsaye kamar takubba, kore shar.

Doña Herminia ba ta kallon talabijin, ba ta kallon titi. Shi take kallo daga safe har yamma.

"Na Rutilio ne," Griselda ta ce a waya. "Shi ya dasa ana gobe zai tafi. Don Allah ki riƙa juya kekenta wajensa."

Kowa a Izalco ya san labarin Rutilio. Ya kama hanyar Amurka ta ƙasa, ya shiga hamada, bai fita ba. Ko gawarsa ba a samu ba. Uwarsa ba ta da kabarin da za ta kai wa fure. Tukunyar nan ita ce kabarin.

Kuma kowa a Izalco ya san abu ɗaya game da isote: fari ba ya kashe shi, sakaci ba ya kashe shi. Ruwa ne ajalinsa.

Da hantsi, bayan ta gama wa tsohuwar wanka, Zoila ta karkata tukunyar, ta narka kakin kyandir ta toshe hudar gindinta. Ta ja ta daga rana zuwa lungun inuwa. Sannan ta juyo keken sosai yadda mai shi za ta gani, ta ɗebo ruwa cike da bokiti.

"Dubi bawan Allah, ƙasarsa ta bushe ƙayau. Ashe ba mai tausayinsa a gidan nan."

Ta tuttula ruwan har ya taru a saman ƙasar.

Doña Herminia ta motsa. Hannunta na hagu ya ɗaga. Daga maƙogwaronta wani sauti ya fito.

"Aa... aa..."

"Me kika ce, Doña? A ƙara? To, a ƙara."

Ta ƙara.

Haka aka shiga yi, safe da yamma. Zoila tana zuba ruwan tana 'yar waƙa. Wani lokaci ta zauna gefen keken tana ba da labari da murya mai sanyi, irin wadda ake lallashin marar lafiya da ita.

"Kin tuna burodin nan, Doña? Nawa ne. Ban ci ba ranar. Wani ya taka shi."

Tsohuwar ta rufe ido.

"Buɗe mana. Mama ma ba ta samu damar rufe nata ba."

Ganyen ƙasa suka fara yin rawaya. Sannan suka saki, suka rataya kamar tsumma. Bakin ganyen sama ya yi baƙi. Ƙananan ƙudaje suka fara shawagi a bakin tukunyar, wani wari mai tsami ya riƙa tashi in iska ta kaɗo.

Matar da ke kawo burodi ta leƙo wata rana, ta yamutsa fuska.

"Niña Zoila, isoten nan ai ya sha ya ƙoshi. Za ki kashe shi da ƙauna."

"Ciwon mai shi ne ya taɓa shi," in ji Zoila. "Kin san shuka tana ji."

Mai burodi ta girgiza kai cikin tausayi, ta wuce.

Ranar da Griselda ta kira ta bidiyo, ta hango ganyen a bayan uwarta.

"Me ya sami isoten Rutilio? Ya yi rawaya."

"Ni ma abin ya dame ni."

"Ko zafi ne? Ki ƙara masa ruwa, don Allah."

Griselda ta daɗe a ƙasar sanyi, ta manta halin shukar garinsu. Zoila ta juya ta dubi tsohuwar ido cikin ido.

"Kin ji, Doña? 'Yarki ce ta ce."

Hawaye ya gangaro ta idon hagu kaɗai. Griselda ta ce, "Kewata take ji, baiwar Allah." Zoila ta goge hawayen da gefen tawul.

Ku sani, a kwanakin nan Zoila ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba. Abinci ya yi mata ɗanɗano. Tana tafiya gida da yamma, ƙafarta ba nauyi. Ta bi ta gaban matakalar coci, ta dube ta, ta yi murmushi. An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ita kuwa ta ɗanɗana ta ce gaskiya ne.

Sai dai daɗin bai daɗewa. Kamar ruwan gishiri ne, tana sha ƙishi na ƙaruwa. Da tsohuwar ta fara kawar da kai daga cokali, Zoila ba ta tsorata ba. Ta ce a ranta, ai da sauranki.

Wata ranar Alhamis da tsakar rana ta fita sayen magani. Ta bar keken a inda ta saba, ta taka masa birki. A hanya ta tsaya hira, ta sayi mangwaro, ba ta yi sauri ba.

Da ta turo ƙofa, keken ta fara gani, kife a gefensa, taya ɗaya tana sama.

Doña Herminia tana ƙasa. Ta ja jikinta da hannu ɗaya tun daga inda ta faɗi har lungun inuwa, sawun yana nan a kan daɓe. Ƙafarta ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Hannunta na hagu yana cikin tukunyar har gwiwa. Ta yi ta kwaso jiƙaƙƙiyar ƙasar da tafi ɗaya tana zubarwa a ƙasa, ta tara 'yar tsibi a gefenta. Farcenta biyu sun karye.

Ledar mangwaron ta suɓuce daga hannun Zoila.

Tsohuwar ta ɗago. Ba fushi a idonta, ba zagi. Ta ɗaga hannun da ya yi baƙi da laka, ta nuna tukunyar, ta sake nunawa. Roƙo take yi.

Zoila ta yi jinyar tsofaffi da yawa. Ta san abin da karayar ƙugu take nufi ga mai irin waɗannan shekaru.

Motar asibiti ta tafi da ita birnin Sonsonate. Likita ya ce za a yi aiki, amma jikin ya yi rauni. Ya tambaya ko ta daɗe ba ta cin abinci. Zoila ta ce e, ba ta ƙara komai ba.

Da la'asar ta isa wajen uwarta. Niña Tránsito tana bakin kasko, tana juya pupusa da yatsu kamar yadda ta saba, ba ta buƙatar ido. Zoila ta tsaya a kanta. Ta so muryarta ta fito da ƙarfi.

"Mama, na rama miki."

Tsohuwar ta ɗauke kaskon daga wuta, ta ajiye a gefe.

"Zauna ki faɗa mini."

Zoila ta faɗa. Ta fara da gadara, kafin ta kai wajen keken gadarar ta ƙare. Uwarta ba ta katse ta ba har ta gama.

"Wanda ke baranda? Cikin babbar tukunya?"

"Shi."

Niña Tránsito ta miƙa hannu baya, ta dafa shingen da ya kewaye ƙofar gidansu. Isote ne jere, tsofaffi, masu kaurin jiki.

"Daga nan aka sare shi."

Zoila ta dube ta.

"Kina Sonsonate lokacin, kina koyon aiki. Rutilio ya zo mini sallama. Ƙaton mutum da gemu, ya durƙusa a nan inda ƙafarki take, ya ce, uwar goyona, ki yafe wa gidanmu, ni dai na san ba ki ɗauka ba. Ya ci pupusa har ya kasa tashi. Da zai tafi ya ari addata, ya sari reshe. Ya ce zai dasa a barandar uwarsa, ya kuma gaya mata daga inda ya fito, ko tana so ko ba ta so ta riƙa ganin abina kullum."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Yaushe kika taɓa bari a ambaci gidan nan ba ki tashi ba?"

"Ita ta sani?"

"Ta sani. Ba kuma ta jefar ba. Ban ce neman gafara ba ne, matar nan girman kai zai raka ta kabari. Amma a gidan nan mutum ɗaya ne ya tsaya mini, ke kuma abinsa kika je kika nutsar."

Zoila ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ni aka yi wa, Zoila. Ni na durƙusa a matakala. Da ina son a rama, da na faɗa. Tashi ki ɗauko adda."

Suka tafi tare, uwar dafe da kafaɗar 'yar. Wannan ne karo na farko da Niña Tránsito ta taka gidan tun ranar da aka kore ta. Ba ta tsaya shafa bango ba. Ta ce a kai ta wajen tukunyar.

Ta bi jikin isoten da yatsu daga ƙasa. Gindin ya yi laushi, yatsa yana nutsewa kamar a ruɓaɓɓiyar ayaba. Ta yi ta hawa tana dannawa har ta kai inda ya yi tauri.

"Kwantar da shi."

Suka kwantar da tukunyar, baƙin ruwa ya kwararo, wari ya cika baranda. Saiwoyin sun zama baƙaƙe, suna narkewa a hannu. Niña Tránsito ta lalubi gindin tukunyar don ta ji dalilin da ruwa bai fita ba. Yatsanta ya tsaya a kan kakin.



"Har da wannan?"



Tsohuwar ta ƙwaƙule kakin da bakin adda, ta ajiye shi a tafin 'yarta, ta rufe mata yatsu a kai.

"Sare nan. Me kika gani?"

"Baƙi ne a tsakiya."

"Hau sama. Yanzu fa?"

"Da saura kaɗan."

"Hau. Ruɓa ba a yi mata ragi."

Sai da suka zubar da fiye da rabin jikin kafin saran ya fito fari tas. Suka cire matattun ganye, suka shafa toka a bakin saran, suka jingine shi a inuwa mai iska don ya bushe. Bayan 'yan kwanaki suka wanke tukunyar, suka cika ta da baƙin yashin dutse da 'yar ƙasa kaɗan, suka dasa shi, suka mayar da shi rana.

"Kada ki ba shi ko ɗigo," in ji Niña Tránsito. "In zai rayu, da kansa zai nemi ƙasa."

Zoila ta koma asibiti ta tare. Wannan karon jinyar gaske ta yi. Ta jiƙa mata leɓe, ta juya ta, ta yi ta lallashinta da cokali. Ta ɗauko hoton isoten a waya, ta kai gaban fuskarta.

"Doña, ga shi. An sare ruɓar. Mama ce ta yi da hannunta. Zai tashi."

Doña Herminia ta kalli hoton. Guntun kututture ne da 'yan ganye a ka, ba abin da ta sani ba. Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake duban Zoila ba.

Ciwon huhu ya biyo bayan aikin. Kafin Griselda ta samu izinin tahowa, uwarta ta cika.

Aka yi jana'iza, aka shiga addu'ar kwana tara. Ranar ƙarshe gidan ya cika, an jera kujeru har tsakar gida, ana raba kofi da burodi. Da aka shafa, Griselda ta miƙe, idanunta a kumbure, ta kamo hannun Zoila ta tsayar da ita a gaban mutane.

"Ina so kowa ya ji. Sai da na zo aka tuna mini abin da ya faru tsakanin Mama da Niña Tránsito. Duk da haka matar nan ta riƙe uwata kamar tata. Abin da ni 'yar cikinta ban yi ba, ita ta yi. Har shukar ƙanena ta ceto. Irin wannan zuciya ba a saya a kasuwa."

Mata suka yi ta gyaɗa kai, wasu na share hawaye. Wata ta ce, "Allah ya ba mu irinta a ƙarshenmu."

Zoila ta hangi uwarta a kujerar baya, hannuwa a cinya, fuska ba yabo ba fallasa. Wani ya miƙa wa Zoila kofi. Ta ajiye shi ba ta sha ba.

Da Griselda ta shiga kicin, Zoila ta bi ta. Akwai mata biyu suna wanke kofuna. Zoila ta gan su, ba ta jira su fita ba, don ta san in ta jira ba za ta sake iyawa ba.

"Niña Griselda, abin da kika faɗa ba haka ba ne."

Ta faɗi komai: kakin, inuwar, bokitin safe da yamma, maganganun da take yi wa tsohuwar, da abin da ya sauko da ita daga keke.

Ƙarar kofuna ta tsaya.

Griselda ba ta yi ihu ba. Ta jingina da bango, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Ranar da na ce ki ƙara masa ruwa," ta ce, "tana ji?"

"Tana ji."

"Kukan da ta yi, na ce kewata ce."

Zoila ta sunkuyar da kai.

"Kin sa hannuna a ciki. Da wannan zan koma, da shi zan tsufa." Ta goge fuska da bayan hannu. "Uwata ta zalunci uwarki, ban musa ba. Amma taki tana can zaune tana shan kofi. Tawa fa?"

"Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Ba zan kira 'yan sanda ba. Me zan ce musu, ta shayar da shuka? Ki fita. Ki ɗauki tukunyar nan ki tafi da ita, ba na son in sake ganinta."

Kafin Zoila ta aro baro daga maƙwabta, labarin ya riga ta fita tsakar gida. Ba wanda ya taya ta ɗora tukunyar. Ta tura ta tsakiyar kujeru, mutane suna janye ƙafa. Niña Tránsito ta miƙe, ta lalubo kafaɗarta, suka fita titi da rana tsaka.

Sun yi nisa ba mai magana, sai ƙarar tayar baro.

"Mama, ki ce wani abu."

"Me zan ce? Ni an kira ni da sunan da ba nawa ba. Ya yi ciwo, amma kullum na kwanta ina barci, na tashi in bi titi kaina a sama. Ke naki ne. Ke kika saƙa shi da hannunki, ba mai cire miki."

Zoila ta tsaya, ta kifa kai a kan hannun baro, ta fashe da kuka.

Tsohuwar ta bar ta ta yi mai isarta. Sannan ta matsa kafaɗar.

"Amma kin buɗe baki kin faɗa, ba wanda ya tilasta ki. Wannan ita ba ta iya ba har ta koma ga Allah. Tura mu je, rana tana dukana."

Isoten ya rayu. Da damina ta kusa ya fitar da sababbin ganye ta gefen kututture. Zoila kuwa, har yau ba gidan da ya sake kiranta jinya a Izalco.

Darasi: Wanda aka zalunta yana da gaskiya a hannu, amma ranar da ya ɗauki makamin azzalumi ya ajiye ta. Ramuwa ba ta tsayawa inda ka auna, takan bi ta kan wanda bai ci ba bai sha ba, ta kuma dawo gida, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai kuma da ka san ka ɓata sunan wani, je ka gyara tun bakinka yana motsi. Ka tura wa wanda ka san yana riƙe da tsohon ciwo a zuciya, wataƙila ya ajiye bokitinsa tun bai zuba ba.